Kuɗin Koyo Sun Tafi, Lamba Tana Nan

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka sam mini ɗan fili cikin jaridarka mai farin jini, in gaya wa 'yan'uwana akawuna da malamai wani abu da ya dame ni wata takwas cur, har ya kusa sa ni in yi abin kunya. Maganar ƙwallon lambu ce, watau wasan nan da Turawa ke kira golf. Na san wani zai ce ina ruwan mai neman na tuwo da wasan manya. To, ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe, watakila ya ga kansa a ciki.

Ni akawu ne a ofishin wani mai fitar wa 'yan kasuwa kaya a Magama ta ƙasar Jibiya, nan bakin iyaka, kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Ɗan Isa ta nufi Maraɗi. Aikina rubuta adadi: buhu nawa, mota nawa, kuɗi nawa. A watan Agusta 1919 ba a haifi kakana ba, amma a watan Agusta 2019, da Gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, ina zaune bisa kujerata na ga aiki ya mutu a rana ɗaya. Maigidana bai sallame ni ba, Allah ya saka masa, sai ya mai da ni ofishinsa na Kano, na zauna can har aka buɗe iyakar Jibiya a watan Afrilu 2022. A zaman nan na Kano ne wani abokin maigida ya riƙa aikena in kai masa takardu filin ƙwallon lambu. Ran nan ya miƙo mini sanda don raha, ya ce in gwada. Na buga, ƙwallo ta tashi sama ta tafi sak. Tun daga ranar ban sami lafiya ba. Bayan wata uku ya ba ni tsofaffin sandunansa kyauta.

Bari in bayyana wasan a taƙaice domin waɗanda ba su taɓa gani ba. Fili ne babba mai ramuka 18, kowane rami faɗin bakinsa inci huɗu da kwata. Mutum zai bi su ɗaya bayan ɗaya, yana bugun ƙwallo da sanda har ta faɗa, ba a kuwa yarda ya ɗauki sanda fiye da 14 ba. Wanda ya gama da bugu mafi kaɗan shi ya ci. A yawancin filaye gwani ya kan gama da bugu 72 ko kusa da haka. Domin gwani da ɗan koyo su iya karawa, sai a ba kowa wata lamba ta rangwame da a ke cire masa daga jimlar bugunsa, ita a ke kira handikaf. Mutanen Katsina sun san kalmar nan tun zamanin Sarki Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya kuma yi suna a ƙwallon dawaki. Sai dai a ƙwallon dawaki lambar hawa ta ke yi in mutum ya ƙware, iyakarta goma. A ƙwallon lambu sauka ta ke yi. Mai 5 ya fi mai 15, mai 15 ya fi ni, gama ni tawa 24 ce.

Shekara biyu lambar nan tana tsaye a 24, sai na ce gara in nemi malami. Na sami wani dattijo wanda ya fara da ɗaukar wa mutane sanduna tun yana yaro, har ya zama gwani. Muka yi ciniki, duk sa'ad da na kai takardu Kano, sau biyu a wata, zai koya mini awa guda kafin in shiga fili. Kuɗin kowane darasi sun isa cefanen gidana na kwana uku, ban ɓoye wa uwargida ba. Ran farko ya tsaya ya dube ni na buga ƙwallo goma, ya ce, "Malam Akawu, kai gero ka ke sussuka." Ya canza mini riƙon sanda, ya canza tsayuwa, ya ce in daina bugu da ƙarfin damtse, in bar ƙugu ya juya. Na shiga fili da sabon riƙo, na tashi da bugu 109, ni da na kan yi 96 a ranar sa'a. Sati biyu baya na yi 107.

Wata takwas na yi ina biya. Na duba lamba, 24. Abokan aikina a Magama suka sa mini suna Taiga, in na shigo ofis sai su miƙe tsaye. Uwargida kuwa ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaye ni ran nan da dare, "Maigida, shin malamin nan naka, ka tabbata ya san kana biyansa don ka ƙaru ne?" Ban sami abin ce mata ba.

Yanzu ga abin kunyar. Wata Asabar wasa ya yi mini kyau ƙwarai, na zo rami na 16 ina lissafi a zuci, in na bi a hankali zan gama da 91, abin da ban taɓa yi ba. Na buga, ƙwallo ta karkace ta shige ciyawa. Doka tun 2019 minti uku kaɗai ta ba mutum ya nemi ƙwallonsa, in bai gani ba ya koma inda ya buga ya sake, a ƙara masa bugu ɗaya na tara, watau ya yi hasarar biyu ke nan. Ina cikin nema sai ga ƙwallo fara tas, iri ɗaya da tawa, tana zaune wuri mai kyau. Na duƙa na duba, babu ɗigon jan biro da na kan sa wa nawa. Abokin wasana, wanda ke rubuta mini kati, yana can ɗaya gefen bai ga kome ba. Ranka ya daɗe, na ɗaga sanda. Na ce a raina wa zai sani, ai na biya kuɗin wannan 91 ɗin tun tuni. Abin da ya tsai da ni, na tuna a kan tebur ɗina sau nawa a ke roƙona in rubuta buhu 280 inda na ƙirga 300, ina ƙi, har a na ce mini mai taurin kai. Ashe ni ma ina da farashi, kuma bai wuce bugu biyu ba. Na kira abokina na ce ƙwallona ta ɓata. Na koma na sake, haushi ya ƙara mini ɗaya, na gama da 94. Daga baya malamina ya ba ni labarin Bobby Jones na Amurka, wanda ya ci kansa tarar bugu ɗaya a babbar gasar ƙasarsu ta 1925 domin ƙwallonsa ta motsa, alhali ba wanda ya gani sosai sai shi, aka yi kunnen doki, aka sake karawa ya faɗi. Ni dai ban kai shi ba, gama shi bai ɗaga sanda ba tukuna.

Da na komo Magama na yi niyyar barin darasi. Amma akawu ba ya rufe littafi sai ya bi lissafi. Na ɗauko katunana duka, na zana layi a littafin ajiya, na shiga bin yadda a ke fitar da lambar nan. Ga abin da na gane. Tun 2020 hukumomi biyu masu riƙe da dokar wasan, ta Sant Andurus a ƙasar Sikotlan da ta Amurka, suka haɗa tsari ɗaya na duniya. A na duban katunan mutum 20 na baya-bayan nan, a tsame 8 mafi kyau, a raba daidai, da ɗan gyara gwargwadon wuyar filin. Sauran 12 ba a ko kallonsu. In sabon kati ya shiga, mafi tsufa ya fita. Saboda haka lambar tana auna ranakun mutum na sa'a ne kaɗai. Kuma mai wasa sau biyu a wata irina, sai ya yi wata goma kafin tsofaffin katunansa su ƙare.

Sa'an nan na duba abin da lambar ba ta dubawa. Kafin darasi, ranar da ta ɓaci ina kai 112. Cikin wata huɗu na ƙarshe ban wuce 101 ba. Da na haɗa katunan duka na raba, dā 104 ne, yanzu 99. Dā ina ɓatar da ƙwallo biyar a rana, yanzu ɗaya ko biyu. Katin nan na 94 da na ji haushinsa, ranar da ya shiga wani tsohon kati na 93 ya fita, wanda na samu dā da sa'a tsagwaronta, shi ya sa lamba ba ta motsa ba. Watau malamina ya fara gyara ta ƙasa, inda ɓarna ta fi yawa, ni kuwa ina leƙen sama ina cewa ba a yi kome ba. Kamar ɗan kasuwa ne da ya toshe ramukan ɓera a rumbu, ya zo yana kuka wai buhun da ya fi cika bai ƙara cika ba.

Abin ya tuna mini makarantar mishan inda na yi karatu. Na shiga ajin tafireta na riga na iya bugu da yatsa biyu, ina tsere wa kowa. Malama ta rufe mini haruffa da takarda, ta ce sai da yatsu goma. Zango guda ina na ƙarshe a aji, ina ganin ta cuce ni. Yau da yatsu goman nan na ke ci da iyalina. Hannu ba ya sakin tsohon hali ran da aka gaya masa sabo. Akwai wani tsakani da tsohon ya tafi, sabon bai zauna ba, nan mutum ya fi muni, nan kuma yawanci a ke gudu.

Manyan gwanaye ma sun bi ta tsakanin nan. Nick Faldo na Ingila ya riga ya yi suna sa'ad da ya ba da kansa ga malami David Leadbetter a 1985 ya rushe bugunsa ya sake gini. Bai ci gasa ko ɗaya ba a 1985 da 1986, mutane suka ce ya kashe kansa. A watan Yuli 1987 ya ci babbar gasar Biritaniya a filin Muirfield, ran ƙarshe ya bi ramuka 18 kowanne daidai ƙa'idarsa, ba ƙari ba ragi. Ya bar wasa da manyan kofuna shida. Tiger Woods, wanda a ke yi mini ba'a da sunansa, ya ci gasar Masters ta 1997 da ratar bugu 12, duk da haka ya koma ya gyara bugunsa. A 1998 gasa ɗaya ya ci a zagayen Amurka, a 1999 ya ci takwas. In irin waɗannan da ke bugu daga safe har magariba sun yi shekara suna jira, ina ni mai awa biyu a wata?

Nan ne na ga laifina na biyu. Ina biyan kuɗin darasi, amma tsakanin darasi da darasi sanduna suna jingine bayan ƙofa kwana goma sha huɗu. Almajiri da ya karɓi ƙari wurin malam ya rataye allo sai wani sati, kowa ya san inda zai kwana. Magama ba ta da filin ƙwallon lambu, amma Allah ya hore mana rairayi. Yanzu kullum da sassafe, kafin motoci su fara layi, na kan fita bayan gida da sanda ɗaya da ƙwallo goma, in kafa tsohon bokiti taku talatin, in buga hamsin, in rubuta nawa suka faɗi kusa. Da dare in shimfiɗa tabarma a ɗaki, in gara ƙwallo zuwa bakin kofi. Vijay Singh mutumin Fiji, wanda ya ci gasar Nijeriya a 1988 da 1989 tun duniya ba ta san shi ba, ya zama na ɗaya a duniya a 2004, ba abin da a ke ba da labarinsa kamar yawan maimaici.

Saboda haka ina ba duk mai koyon wasan nan shawara uku. Na ɗaya, ya ajiye littafi, ya rubuta ranarsa mafi muni, da ƙwallon da ya ɓatar, da bugun da ya yi kusa da rami, kada ya dogara ga lamba ɗaya. Na biyu, kada ya yanke wa malaminsa hukunci sai ya cika kati 20 a hannunsa, ya kuma tabbata ya yi maimaici. Na uku, ya miƙa kowane kati yadda ya ke, mai kyau da mummuna, gama lambar da aka samu da ƙarya ran gasa za ta tona mai ita. Ku kuma malaman makaranta, in kun ga yaro jarrabawarsa ba ta hau ba bayan kun gyara masa hanya, ku dubi kurakuransa tukuna ko sun ragu, kada ku karya masa zuciya.

Na nuna wa uwargida littafin, ta bi layukan da yatsa, ta ce to, ta ba ni zuwa bayan girbi. Na koma wurin dattijon na gaya masa na kusa gudu. Ya yi dariya ya ce ya sani, a wata na takwas kowa ke gudu. Har ranar da na ke rubuta wannan takarda lambata 24 ce. In ta sauka zan sanar da kai, in ba ta sauka ba ma zan faɗa. Allah ya ja zamaninka, ya ba mu haƙurin koyo, amin.

Ni ne naka,
Akawu, Magama ta Jibiya.