Jajimaji: Inda Hunturu Da Fadama Ke Jarraba Wuyan Jita

Duk matafiyin da ya taso daga Kano ya nufi arewa maso gabas, ya bi ta Malam Madori da Birniwa, to, a Nguru zai ya da zango, garin da dogon jirgin ƙasa ya tsaya a 1930. A zamanin da jirgin ke kan ganiyarsa, daga nan ake lodin gyaɗa da ƙaro da fatu zuwa kudu. In ya miƙa kan hanyar Gashuwa, mazaunin Mai Bade, sai ya tarar da Jajimaji a tsakani, watau hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa a Jihar Yobe, wadda aka cire daga Borno a 1991.

Ƙasa ce mai fuska biyu. Kudu da hanya fadamun Haɗejiya da Nguru ne, inda ruwa kan malale, masunta da manoman shinkafa su sami abin yi. Arewa da hanya kuwa rairayi ne har iyakar Nijar. Da damina iska takan cika da laima, amma in hunturu ya kankama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, danshinta yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Icce kuma ko an sare shi bai daina shan laima da amayar da ita ba, shi ya sa ƙyauren da ke cijewa a Agusta yakan saki a Janairu.

Makaɗan gargajiya sun daɗe da sanin wannan hali. Mai goge da mai garaya da mai gurmi, irin su marigayi Haruna Uji na Haɗejiya, sandar kayan kiɗansu ita ce ƙashin bayan sana'arsu. Ba a ɗaura tsirkiya a kan ɗanyen icce, sai wanda ya bushe sarai. In laima ta sa fata ta saki, a shanya ta. In ma sandar ta lanƙwashe, abin da sauƙi, domin daji na kusa, a saro wata.

Ba haka abin yake ga jitar bes ba, watau babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu da ke ba da amo mai kauri. Leo Fender na Amurka ne ya baza ta a duniya da samfurin Precision a 1951. Wuyanta ya fi na sauran jitoci tsawo, kuma tsirkiyoyin ƙarfen da ke kansa suna jan sa da nauyin kilo 70 zuwa 80 dare da rana, kusan buhun siminti ɗaya da rabi ke nan. Saboda haka ake ɓoye sandar ƙarfe a cikin wuyan, mai noti a baki, don ta riƙa ja da baya, dabarar da kamfanin Gibson ya sami rajistarta a 1923.

A ƙasar Hausa bes ba ta taɓa yawa ba. An ji ta a ƙungiyar marigayi Bala Miller, ana kuma jin ta a majami'u da wajen makaɗan jita na Nijar, amma tun da fiyanon lantarki ya mamaye waƙoƙin finafinai daga shekarun 1990, akwati ɗaya ya ɗauke aikin mutum biyar. Saurayin Jajimaji ko na Gashuwa da ke sha'awarta sai ya dangana da Sabon Garin Kano, ko ya yi saƙo kasuwar Alaba ta Ikko, kuma galibi ta gwanjo zai samu. Ga ƙarancin kaya, ga faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023, sai wasu 'yan kasuwa suka mai da tsufa abin ado, suna ɗora wa tsohuwa kuɗin da ya kusa na sabuwa. Alhali kuwa sunan da ke kanta ba shaida ba ne, domin ana liƙa tambarin babban kamfani a kan ta banza.

To, ba a cinikin biri a sama. Mai saye ya ɗaga ta ya hangi wuyan daga kai zuwa gindi, kamar yadda kafinta ke hangen katako. Ya danne tsirkiya a gaɓar farko da ta ƙarshe, ya duba tsakiya: ratar da ta dace ba ta wuce kaurin kati ba. Lanƙwasa gaba ko baya tana da magani muddin notin yana juyawa. Amma in notin ya cije, ko wuyan ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, to, ko a rabin kuɗi an cuce shi, domin daga Nguru har Gashuwa ba dajin da zai ba shi wani.

Bayan saye kuma sai riƙo. Da hunturu katakon fuskar wuyan yakan tsuke, tsirkiya ta yi nisa, bakin 'yan ƙarafan gaɓoɓi ya fito yana yankar hannu. Da damina ya kumbura, tsirkiya ta kwanta tana zuza. Ana ɗaure notin ne in wuya ya ranƙwafo gaba, a sassauta in ya koma baya, kuma kada a wuce rubu'in juyi a lokaci guda. A bar shi ya kwana tukuna. Masana sun fi son danshin kashi 45 zuwa 55, don haka a ajiye ta cikin akwatinta, da ɗan soso mai laima a kwano mai huji a watannin sanyi. Kada a jingine ta a ɗakin kwano da rana tsaka, kada a ɗaure ta a saman mota ranar kasuwa.

Wanda ya kiyaye waɗannan, jitarsa za ta ga damina da hunturu masu yawa tana miƙe. Wanda kuwa ya biya kuɗin suna ya ƙyale wuya, kafin ruwan fadama ya janye sau biyu zai ga abin da ya saya. Allah ya raba mu da hasara.