Daga Cikin Fili Zuwa Bakin Layi: Salisu Yusuf da Mu Masu Koyon Rubutu



Mu mutanen Mai'adua an fi saninmu da kasuwar Lahadi da hada-hadar dabbobi a bakin iyakar Nijar, amma ƙwallo ma ba ta bar mu a baya ba. Muna cika gidajen kallo, muna musu a kan 'yan wasan Ingila da Sifaniya kamar tare muka taso. Sai dai hankalinmu kullum yana kan mai zura ƙwallo a raga. Mutumin nan da ke tsaye a bakin layi yana ɗaga hannu yana daka tsawa ba ma tunawa da shi sai ranar da aka ci ƙungiyarsa, mu ce a kore shi. A kan irin wannan mutum muke so mu yi magana yau, domin aikinsa ya yi kama da aikin da ke jiran kowane marubuci idan ya daɗe a fage.

Salisu Yusuf ɗan Zariya ne, an haife shi a 1962. Ya taka leda a matsayin ɗan wasan tsakiya, ya yi wa Ranchers Bees ta Kaduna da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri wasa. Bai yi suna a Turai ba kamar su Daniel Amokachi da Tijjani Babangida. Da ƙafa ta gaji sai ya koma horarwa, ya yi shekaru yana yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan, wani lokaci mataimaki, wani lokaci shi ne babba. Yana cikin masu horar da Kano Pillars a 2008, shekarar da ta fara cin kofin Firimiyar Najeriya. A 2013 ya ci kofin ƙalubale na ƙasa da Enyimba ta Aba, wato ɗan Arewa ya je ƙasar Ibo ya riƙe ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ƙasar nan. A 2016 aka ba shi riƙon ƙwaryar Super Eagles, ya doke Mali da Luxembourg a wasannin sada zumunci, sannan ya ci gaba da aiki ƙarƙashin Bajamushe Gernot Rohr. A farkon 2018 ya kai tawagar 'yan wasan cikin gida har wasan ƙarshe na gasar CHAN, matakin da Najeriya ba ta taɓa kaiwa ba, ko da yake Maroko mai masaukin baƙi ta lallasa su da ci 4 da nema a Casablanca.

Abin da ya fara jan hankalinmu a nan shi ne, iya abu daban, iya koyar da shi daban. Ɗan wasa yana tunani da ƙafarsa. Idan ka tambaye shi yadda ya yanke mai tsaron baya, da wuya ya iya faɗa maka, don jikinsa ne ya sani. Mai horarwa kuwa dole ya mayar da abin da jiki ya sani ya zama magana, har yaro ɗan shekara 17 ya ji ya gane ya aikata. Dole ya san wanda tsawa ke gyarawa da wanda tsawa ke kashe wa gwiwa. Dole kuma ya haƙura ya ga an yi kuskuren da shi da ba zai yi ba, ba shi da ikon shiga fili ya gyara da kansa. Shi ya sa gwanaye da yawa suka gwada horarwa suka kasa, masu matsakaicin suna kuma suka yi nisa.

Ana samun wanda ya haɗa biyun, amma ba su da yawa. Stephen Keshi ya ɗaga kofin nahiyar Afirka yana kyaftin a Tunisiya a 1994, ya sake ɗaga shi yana koci a Afirka ta Kudu a 2013. Shi da Mahmoud El-Gohary na Masar ne kaɗai suka taɓa yin haka. Wanda ya ci masa ƙwallo ɗaya tilo a ragar Burkina Faso a wasan ƙarshe, Sunday Mba, yaro ne da ke wasa a nan gida, wanda mutane da yawa ba su ma san sunansa ba kafin gasar. Aikin koci ke nan: ya ga abin da wasu ba su gani ba a jikin yaro, ya kuma tsaya masa.

Mu ma a fagenmu muna da irin wannan tarihi. Abubakar Imam yana malamin makaranta a Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, Rupert East ya ga hazaƙarsa ya jawo shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wato shi ma ya tashi daga cikin fili ya koma bakin layi, yana karanta rubutun wasu, yana yanke hukuncin abin da zai fita da abin da zai tsaya. A yau duk wanda ya rubuta littafi biyu a cikinmu, ƙanne za su fara turo masa labari ta WhatsApp suna cewa, “Yaya, a duba mini.” Daga ranar ya zama koci, ko ya shirya ko bai shirya ba. Idan ya goge jimlolin yaron ya sa nasa, ya shiga fili ya buga masa ƙwallo ne, yaron bai koyi komai ba. Idan ya ce “ya yi kyau” bai karanta ba, ya cuce shi. Idan kuma ya yi masa kaca-kaca a bainar jama'a, wataƙila ya raba shi da alƙalami ke nan har abada.

Akwai kuma sashe mai ɗaci a tarihin Salisu Yusuf, wanda bai kamata mu tsallake ba. A watan Yulin 2018 BBC ta nuna wani bidiyo na ɗan jaridar Gana Anas Aremeyaw Anas, inda aka ga kocin yana karɓar dala 1,000 daga wasu da suka yi shigar dillalan 'yan wasa, suna roƙon a sa wasu yara biyu a tawaga. Shi ya ce kyauta ce, kuma cancanta ce ta sa ya zaɓi yaran. Duk da haka Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya ta dakatar da shi shekara guda, ta ci shi tarar dala 5,000. Daga baya ya dawo ya ci gaba da aiki, amma har gobe in an ambaci sunansa sai wani ya tuno da wannan bidiyo kafin ya tuno da kofuna.

Ba don mu yi masa shari'a muka kawo wannan ba, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Jarin mai zaɓe shi ne a yarda da zaɓensa. Ranar da aka ba ɗayanmu alƙalancin gasar gajerun labarai, ko aka ce ya tace waƙoƙin da za a tara a littafi, zai ga labarin abokinsa a ciki, da na wadda ta taɓa turo masa katin waya. Ko da labarin nata ya fi kowanne kyau, wanda aka kayar ba zai taɓa yarda ba, in ya ji labarin katin.

Saboda haka mu fara koyon aikin tun yanzu, tun ba a ɗora mana ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. A wannan makon kowannenmu ya ɗauki rubutun wani na ƙasa da shi ya karanta har ƙarshe. Ya nuna masa wuri ɗaya da ya yi kyau da dalilin kyansa, da wuri ɗaya da ya yi rauni da dalilin rauninsa, sannan ya bar shi ya gyara da hannunsa.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.