Motar da ta zo a wargaje

Kamfanin Tamiya na garin Shizuoka a Japan bai saba miƙa wa yaro mota haɗaɗɗiya ba. Kwali yake ba shi. In ka buɗe sai ka tarar da ledoji, kowace da harafinta, wannan ta kusoshi, waccan ta haƙoran giya, ga ɗan giris a matse, ga littafi mai zane-zane da ke nuna abin da ake ɗaurawa a kan wane. Rimot da batir ma daban ake sayensu. Irin wannan kwali Kawu ya sauko da shi Zariya a 1986, da ya gama karatu a Ingila. An rubuta Grasshopper a jikinsa, da hoton farar mota tana tayar da ƙura.

Sai daga baya na san asalinta. Kamfanin da sana'ar katako ya fara a 1946, kafin ya koma yin ƙananan samfuran jirage da motoci na roba. Motarsa ta farko mai rimot ta fito a 1976, wata Porsche ce da ba ta son komai sai shimfiɗaɗɗen siminti. A 1979 ya fitar da Rough Rider da Sand Scorcher, masu kwaikwayon motocin da ake tsere da su a hamadar Baja ta Meziko, waɗanda ake ƙerawa daga Volkswagen Beetle, irin wadda ake haɗawa a Legas a wancan zamani. Waɗannan biyun ƙarfe ya yi musu yawa, ga nauyi ga tsada. Grasshopper ta 1984 ita ce ta masu koyo. Kusan komai nata roba ne, girmanta kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, injinta kuma ƙaramin nan ne na Mabuchi mai lamba 380.

Haɗa mota ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun yi ta kara, mun yi ta waya, mun yi ta gwangwanin madara da tayar tsohon silifas. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne a ce mota ta tafi ba zare ba sanda. Shi ya sa na ƙosa a gama, Kawu kuwa bai san gaggawa ba. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya juye kowace leda a murfin kwanonta daban.

"Kai, ajiye sukurudireban nan. Ka duba hoton tukuna."

"Kawu, ai na gane."

"To nuna min kusar da zanen ya ce."

Littafin yana zana kowace kusa daidai girmanta a gefen shafi, sai ka ɗora ta a kan zanen ka ga ko ita ce. A nan na fara sanin cewa kusoshi biyu da ido ke gani iri ɗaya suna iya bambanta da milimita biyu, kuma doguwar in ta shiga ramin gajeriya fasa robar za ta yi. A nan kuma na fara ganin cikin giyabos, da 'yan haƙoran nan uku da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kan kwana. Kawu ya riƙe taya ɗaya ya ce in juya ɗayar. Har yau in bakanike yana min bayanin ƙarƙashin motata, wannan hoton nake gani.

A filin makarantar firamare muke tuƙa ta, bayan la'asar. Maganar gaskiya ba ta iya tafiya ba. Ƙafafunta sifirin ne zalla, babu mai a shokozoba, injin da giyabos kuma suna maƙale da gatarin baya, don haka ko tsakuwa ta taka sai bayanta ya yi sama, tana tsalle kamar ɗan akuyan da aka kwance. Batirin a ƙarƙashinta yake, da murfin da ke ɓallewa in ta dira da ƙarfi, sai ka ga batir yana jan ƙasa. Abin da ke sarrafa gudu wani hannu ne da ke gogar faranti mai matakai, wutar da ta yi rara kuma tana ƙonewa a wani farin tangaran. Duk yaron da ya yi rawar kan ɗaukar motar bayan ta tsaya ya san zafin tangaran nan. Rimot yana cin ƙananan batura takwas, motar tana cin huɗu ban da babban, kuma in huɗun nan suka yi sanyi tana cikin gudu, shi ke nan ta daina jin magana, sai dai a bi ta a guje har ta sami bango. Babban batirin daga na motar Kawu ake cajinsa, minti goma sha biyar, a sha wasan da bai kai haka ba. Yaran unguwa fiye da ashirin suna tsaye suna jira, ba wanda ya taɓa cewa bai isa ba.

Batirin ne ya fara mutuwa. A shekarar da motar ta zo aka karya darajar naira, kayan waje suka fi ƙarfin malamin makaranta irin Kawu, shi kuma ya yi aure. Aka mayar da ita kwalinta, kwalin ya shiga adakar Inna, ya kwana a can fiye da shekara talatin.

Da na fito da ita, fararen sassan sun koma ruwan ƙwai, tayoyin sun tsattsage, giris ɗin ya daskare ya haɗe da jar ƙasar filin nan. Ƙananan baturan da aka manta a rimot sun zubar da ruwa, sun cinye ƙarafan da suke taɓawa. Amma babu abin da aka manne da gam, babu abin da aka rufe don kada a buɗe. Littafin yana nan, sai na bi shi daga shafin ƙarshe zuwa na farko, motar ta koma murafun kwano yadda ta zo.

Aikin yana son haƙuri fiye da kuɗi. Kusoshin Japan suna kama da masu kan gicciye da muka saba, amma yankansu daban ne, sukurudireban kasuwa yana zamewa ya cinye kan. Tsohuwar roba kuma ba ta yafiya. Kusar da za ta koma raminta sai ka fara juya ta baya a hankali har ka ji ta ce ƙas, ta faɗa tsohuwar hanyarta, sannan ka ɗaure. In ka tura ta kai tsaye sabuwar hanya za ta yanka, ramin ya tsage. Giyoyin da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori na wanke su, don fetur yana cin wasu robobin. A inda gatari ke juyawa, kamfanin zoben roba ya sa maimakon boris, kuma ƙurar hunturu ta riga ta goge su har taya tana lilo. Waɗannan ban yi musu kara ba, boris na ƙarfe na sa. Bodin na shafe shi da sinadarin haidurojin, na naɗe a leda na shanya a rana. Masu wannan sha'awa a Turai fitila ta musamman suke saye don haka, mu kuwa rana ce ba mu rasa ba. Farin ya dawo, ko da yake an san yana sake rinewa da shekaru.

Rimot ɗin na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya juya shi, ya zaro eriyar mai ɗan tuta, ya ciro kiristal ɗin ya duba lambar.

"Alhaji, wannan ai rediyo ce, megahaz 27. A ina ka samo ta?"

"Ta kawuna ce, Baba. Za ta tashi?"

"Abin da aka yi da dalma, dalma ke gyara shi. Dawo jibi."

Ta tashi kuwa. Launin tutar nan shi ke nuna tashar da kake kai, don a da in mutum biyu suka kunna tasha ɗaya, rimot ɗin wannan sai ya tuƙa motar wancan.

Tayoyi da sauran sassan da suka karye ba su yi wuyar samu ba, saboda yaran 1984 sun girma sun sami albashi, kamfanonin kuma sun lura. Tamiya ta sake fitar da tsofaffin motocinta, Hornet a 2004, Grasshopper a 2005, Hotshot a 2007. Kamfanin Kyosho ma ya dawo da Scorpion a 2014, da Optima mai sarƙa a 2016. Yawancin sabbin sassan suna shiga tsofaffin daram. Wannan ya raba masu gyara gida biyu. Akwai waɗanda ba sa yarda da ko kusa ɗaya da ba ta asali ba. Suna bin intanet suna neman ledar da ba a taɓa buɗewa ba, suna gane sitikar asali da ta baya, domin a sabon fitowa an cire sunayen kamfanonin gaske da ke jikin ta farko. In sun gama sai su sa motar a kabad ɗin gilashi. Ban raina wahalarsu ba, kuma albarkacinsu ne ake sanin yadda abin yake tun farko. Amma motar da aka yi wa tayar baya mai fuka-fukai don haƙar rairayi, a ce ƙura ba za ta taɓa ta ba, wannan ban gane masa ba.

Ni tsakiya na bi. Injin 380 na bar shi, duk da ana samun na zamani da zai ninka gudunta, don giyabos mai shekara arba'in ba zai ɗauka ba, kuma Grasshopper mai gudu sosai wata mota ce daban. Hannun nan mai gogar faranti da farin tangaran na cire su na adana a leda, na sa na'urar lantarki ta yanzu, saboda jikokin Kawu ne ke tuƙa ta ranar Asabar kuma ba na son ɗaukar ɗan wani zuwa kemis. Ƙaraminsu ya riga ya karya bamba, na ba shi littafin da sukurudireba ya canja da kansa. Murfin batirin kuwa sabo na saya, kuma shi ma ɓallewa yake yi, sai da na ɗaure shi da yankin tsohon tiyub na keke.