Lissafin Saura

Duk Bahaushe ya iya lissafin saura, ko bai taɓa shiga aji ba. Yaron da aka haifa ran Laraba, ran Laraba ake raɗa masa suna, domin kwana bakwai na maido da kai ranar da ka faro. Tsofaffinmu na Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, da ka suke faɗin ranar sadakar arba'in: a yi ta cire bakwai, a dubi abin da ya rage. A 1801 Gauss, wani Bajamushe, ya shimfiɗa wa wannan dabara ƙa'idoji.

Sai da na je jami'a a Wad Madani na ga inda ta kai. Jera lambobi huɗu a layi biyu, 3 da 2 a sama, 4 da 3 a ƙasa. Uku sau uku, a cire biyu sau huɗu, saura ɗaya. Duk jadawalin da ya ba da ɗaya haka ɗan babban rukuni guda ne. To raba kowace lamba da biyu, ka riƙe saura: 1, 0, 0, 1. Masu barin wannan saura ƙaramin rukuni ne a cikin babban, kuma sun raba shi gida shida daidai.

Masana suka tambaya: duk ƙaramin rukunin da ya raba babban zuwa gidaje masu ƙirguwa, ana iya gane 'ya'yansa ta saura kaɗai? Mennicke a 1965, da Bass da Milnor da Serre a 1967, sun tabbatar cewa a jadawali mai layi uku zuwa sama ana iyawa. A mai layi biyu kuwa, tun zamanin Klein a ƙarni na 19 aka san akwai rukunan da babu lambar da za ta tantance su.

Wannan na biyun ya fi zama mini a rai. Na taɓa tsayawa gaban wani ma'aikaci yana neman takardar kakana kafin ya yarda ni ɗan Sudan ne, alhali kakan nan a gonakin audugar Jazira ƙarfinsa ya ƙare. A Yulin 2022, a Damazin da Rusairis, jini ya zuba a kan wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Lissafi bai raba wannan gardama ba, ba kuma aikinsa ba ne. Abin da ya koya mini shi ne, ko a cikin lambobi, ba kowane dangi ake ganewa da awo ɗaya ba.

Da Larabci da Turanci na koyi wannan duka. Na rubuta shi da Hausa ne don ƙannena su san cewa tushensa abin da kakanninmu ke yi da yatsu ne.