Lambu Cikin Hunturu da Muryoyin Mutanen Da

Duk wanda ya zauna ƙasar Kabi ya san hunturunta ba ya zuwa da wasa. Daga watan Disamba har ƙarshen Janairu iska takan taso da ƙura daga arewa maso gabas, ta busar da leɓe, ta sa wa ƙafa kaushi da faso, ta mayar da ciyawar daji ƙamas kamar mai jiran ashana. Idan mace ta shanya wanki, kafin ta juya ya bushe. To, a cikin wannan bushewa duka akwai wuri ɗaya tak da ya ƙi bin sahu, shi ne lambu. Da zarar mutum ya bar gari ya gangara fadama sai ƙasa ta canja launi, daga ja ta koma baƙa, takalmi ya fara ɗaukar laka, hanci ya shaƙi ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa gauraye da na ganyen albasa. Raɓa takan kwana a kan ganye har hantsi, sanyin wurin kuwa irin mai ratsa ƙashi ne, ba irin na cikin gari ba da mayafi ke maganinsa.

Mu mutanen Andarai, da 'yan'uwanmu na Maiyama da Jega da Aliero, wannan danshi shi ne arzikinmu na rani. Ana yafa irin albasa tun damina na ban kwana, a yi dashe idan sanyi ya kama, a yi ta ban-ruwa har zuwa lokacin da ganye zai kwanta a cire, wadda ba a sayar nan take ba a jera ta a rudu a jira kasuwa ta yi kyau. Albasar Aliero dai ba ta bukatar mai gabatarwa, don manyan motoci na ɗaukar ta zuwa kudancin ƙasar nan har da ƙetare. Amma danshin da ke rayar da ita shi ne kuma abin tsoronta. Idan hazo da raɓa suka yi yawa ganye yakan kama tabo ya ƙone tun daga tsini, idan ruwa ya kwanta a fangali fiye da kima saiwa ta ruɓe. Saboda haka mai lambu ba ya nisa. Aikinsa rabi ƙarfi ne rabi jira: ya buɗe wa fangali baki da fartanya, ya tsaya ruwa ya cika, ya toshe, ya buɗe na gaba. Mutumin da ke jira irin wannan tun asuba, shi kaɗai cikin sanyi, dole ya nemi abokin hira. Shi ya sa da wuya ka shiga lambu ka rasa jin waƙa.

Da can rediyo ce ake ratayewa a reshen mangwaro ko a jikin bukka, a murɗo Kaduna ko Rima Rediyo ta Sakkwato. Yau kuwa waya ce a aljihu da ɗan katin ajiya. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, na'ura ta sauya amma muryoyin ba su sauya ba, aƙalla a lambunan dattawa. A lambun da muke da 'yan fangaloli, wanda wani dattijo maƙwabcinmu ke kula da mafi yawansa, kusan duk wanda ke rera waƙa daga safe zuwa azahar ya riga mu gidan gaskiya. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato. Alhaji Mamman Shata ya bi shi a 1999. Barmani Choge ta tafi a 2013, Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa a 2015. Ga Ɗan'anace mai waƙar 'yan dambe, ga Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri, ga Narambaɗa wanda tun kafin a haife mu ya kwanta dama. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Kullum da safe su ke taya Baba ban-ruwa.

Mun taɓa tambayarsa ko ba ya gajiya da maimaita abu ɗaya. Ya dube mu ya ce, "Malam, kai kana gajiya da tuwo?" Muka yi shiru. Ya ƙara da cewa, "Ku yaran talabijin ne, kun ga hoto. Mu mun ga mutum." Wannan magana ta Baba gaskiya ce, ko da yake ta ɗan yi mana zafi, domin mu ma muna da abin da muka gani, kuma ba mu yarda a raina shi ba.

Mu da muka yi wayo a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, akwatin talabijin a garuruwa irin namu abu ne na gida ɗaya ko biyu. Baƙi-da-fari ne, batirin mota ke tafiyar da shi, eriyarsa a ɗaure a kan doguwar gora sama da soro. Idan hoto ya fara yayyafi sai a tura yaro ya hau ya juya gorar, na ƙasa suna ihu "ya yi, ya yi, a'a koma!" Mai gidan kan fito da akwatin ƙofar gida bayan sallar isha'i, manya a kan benci, mu a ƙasa mun cusa hannuwa cikin riga saboda ɗari. Tashar ba ta yini tana aiki ba, da yamma take buɗewa, kafin tsakar dare ta rufe da taken ƙasa. Shiri kuma sau ɗaya ne a mako. Wanda aka aika ya makara, to sai dai ya ji a bakin 'yan'uwa washegari a makaranta, kuma a nan ne da yawanmu muka fara koyon ba da labari, domin wanda ya iya kwaikwayon murya da tafiya shi ake kewayewa.

Daga Sakkwato muna kallon Idon Matambayi, muna kallon Golobo, waɗanda Hausarsu irin tamu ce ta yamma, har mukan ji kamar a zauren wani kawunmu ake yin wasan. Daga Jos akwai Karkuzu. Daga Kaduna akwai Ƙasimu Yero, wanda ya yi Karambana, ya kuma fito a Cock Crow at Dawn na Turanci da sunan Uncle Gaga, mutumin da fuskarsa kaɗai kan isar da saƙo kafin ya buɗe baki. Ya rasu a 2017. Sai kuma uban tafiya, Samanja Mazan Fama. Sunansa na yanka Usman Baba Pategi, Banufe ne daga Pategi, tsohon soja ne na gaske kafin ya zama sojan wasa. Ya ɗauko Hausar bariki, wadda ke gwama Turanci da Hausa tana mayar da mace namiji, ya mai da ita sana'a. Mu malaman Hausa mukan yi wa ɗalibi jan biro idan ya karya jinsi, amma Samanja ya shekara da shekaru yana karya shi da gangan, kuma babu wanda ya taɓa kuskuren fahimtarsa. Abin lura ga masu sha'awar rubutun wasan kwaikwayo shi ne, kafin Samanja ya gama jimla ɗaya ka riga ka san aikinsa, da inda ya zauna, da irin girman da yake ba kansa. Sau nawa muka karanta rubutun matasa inda sarki da direba da tsohuwa duk suke magana da baki ɗaya, wato bakin marubucin? Samanja ya rasu a watan Nuwamba na 2023, an yi ta'aziyya kwana biyu, duniya ta wuce.

Ba mu ce komai na lokacin nan zinariya ba ne. Akwai wasannin da dariyarsu ta ta'allaƙa a kan yi wa baƙauye ko Bafulatani ko mai lalura ba'a, kuma mun yi dariyar tare da kowa. Hoton ma sau da yawa ba shi da kyau, labule ɗaya ne ke zama fada yau, gobe ya zama kotu. Da fim ɗin bidiyo ya shigo, tun daga Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990, har zuwa zamanin Rabilu Musa Ibro wanda shi ma ya rasu a 2014, jama'a sun koma can ne don sun sami abin da ya fi kusa da bukatarsu, kuma ba laifi ba ne. Abin da dai tsofaffin ke da shi wanda muke nema yau mu rasa shi ne haƙuri. Sukan bar zance ya nuna kafin su tsinke shi.

Akwai kuma mawaƙi ɗaya da ba a talabijin muka san shi ba, domin ba irin wanda ake gayyata ɗakin watsa shiri da rana tsaka ba ne, alhali kuwa shi ne namu na gida. Muna nufin Alhaji Muhammadu Gambo na Fagada, a nan ƙasar Maiyama, wanda duniya ta sani da Gambu mai waƙar ɓarayi. Kasetinsa a ɓoye muke saurare muna yara, don idan uba ya kama ka da shi sai ka yi bayani. Baba ya ce ya gan shi ido da ido yana wasa, kuma a cewarsa, da kalangu ya fara tashi sai ka ga kowa ya dafe aljihu, amma babu mai matsawa daga wurin. Gambu ya rasu a 2016. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da wasu jami'o'in an yi nazarin waƙoƙinsa, domin duk wanda ke neman Hausar yamma tsantsa, da habaici, da iya jera labari daki-daki har mai sauraro ya ga dare da katanga da mai gida yana minshari, zai same su a wurinsa.

Gambu ya jefa mu cikin tsaka mai wuya a matsayinmu na masu riƙe alli. A ɗakin malamai mun sha yin gardama a kansa. Wani abokin aikinmu, mutum mai tsoron Allah, ya ce bai ga dalilin da za a ambaci mai zuga ɓarayi a gaban yara ba, musamman a wannan zamani da satar shanu da ta mutane ta hana yankuna da dama na arewa maso yamma barci. Ba mu ga wautarsa ba. Mu dai ra'ayinmu shi ne, ɗalibin babbar sakandare da aka haifa tsakanin Jega da Maiyama, ya san sunan mawaƙan Indiya da na Amurka amma bai san cewa ƙasarsa ta fitar da mutumin da masana ke rubutu a kansa ba, an rage masa wani abu. Ana iya nuna masa gwanintar harshen a kuma gaya masa ɓarnar abin da ake yabo, kamar yadda muke karantar da waƙoƙin yaƙi ba tare da mun raba wa yara takubba ba. Har yau ba mu daidaita da abokin namu ba, shayi dai muna sha tare.

Baba yana da wata tsohuwar adaka ta ƙarfe a bukkar lambu, cike da kaset. Ya tara su ne tun yana saurayi, wasu na kasuwa, wasu kuwa shi ya ɗauka da rikodarsa a wuraren biki da kalankuwa da filin dambe, na makaɗan ƙauye waɗanda ba su taɓa shiga gidan rediyo ba. A hunturun bara muka roƙe shi ya bari mu kai su a juye a waya. Da aka buɗe adakar sai wari ya bugo mu. Danshin fadama ya shiga, zaren ya yi fumfuna ya manne da juna, takardun da aka rubuta sunaye sun zama laka. Cikin abin da ya fi kaset arba'in, guda shida kawai suka yi magana, su ma da shaƙaƙƙiyar murya. Na Shata da na Ɗanƙwairo ba mu damu ba, suna nan birjik a YouTube da wayoyin mutane. Amma akwai wani makaɗin noma na wani ƙauye kusa da mu, wanda Baba ya ce idan ya saki ganga a gayya sai ƙato ya yi kunya goma bai ɗaga kai ba. Kasetinsa biyu ne a adakar, duka sun tafi. Baba ya juya su a hannu ya ce, "To, shi ke nan, yanzu ya mutu." Mutumin kuwa ya fi shekara ashirin a kabari.

Wannan ne ya sa da aka koma makaranta muka ba 'yan aji biyar aiki: kowa ya je wurin kakansa ko kakarsa ya tambayo sunan makaɗi ɗaya na garinsu, da abin kiɗansa, da wanda yake yi wa waƙa, ya rubuto shafi guda. Mun zaci za a kawo mana Shata sau talatin. An kawo shi kam, amma an kuma kawo sunayen da ba mu taɓa ji ba: mai gangar noma, mai kiɗan masunta, makaɗin maharba, da wata tsohuwa mai kiɗan ƙwarya da ake ɗauka daga gari zuwa gari idan ana biki. Wata yarinya ta rubuto cewa kakarta ta fara rera mata waƙar daka, ta kai tsakiya ta tsaya, ta ce sauran ya ɓace mata, wadda ta san ƙarshen kuwa ta rasu da azumin da ya wuce. Yarinyar ta rubuta rabin da ta samu, ta bar layi huɗu fari a ƙasa, ta ce ko za a dace da wani a ajin da kakarsa ta san sauran. Mun karanta wa aji, ba a samu ba. Takardun suna nan mun ɗinke su wuri ɗaya mun sa a leda, muna jiran 'yan aji biyar na bana su karɓi nasu aikin idan an gama cirar albasa, lokacin da tsofaffi ke samun sukunin zama.