Garin da Ruwa Ya Tafi Ya Bari

Sai da na shekara 16 na ga Baga da idona, amma tun ina ɗan shekara 10 na san ta da hanci. A rumfar kawuna da ke Kasuwar Kifi ta Baga Road a Maiduguri, aikina shi ne in tsaya bakin mota ina duba alamar da ke jikin kowane kwali, don kada bandar wani ta shiga ta wani. A bakin direbobi da 'yan dako na haddace sunayen wuraren da kifin ke fitowa: Doron Baga, Darak, Kwatan Turare, Tumbun Gini. Tarwaɗa ce ta fi yawa, sai ƙarfasa da bargi. Kafin la'asar fatake sun ɗora su a manyan motoci, sai Anacha da Legas.

Akwai wani dattijo Babarbare, aminin kawu, da ya yi shekaru yana aiki a Libiya. In ciniki ya lafa, ba shi da hira sai ta Zuwara, wani gari a bakin Bahar Rum, kusan kilomita 100 yamma da Tarabulus, ta wajen iyakar Tunisiya. Da na ji ya ce mutanen garin Barbar ne, sai na tambaye shi, "Baba, Barebari ne irinku?"

Ya ce, "A'a, ɗana. Baƙi ke ce musu Barbar. Su Amazig suke kiran kansu, harshensu kuwa ɗan'uwan na Buzaye ne."

Yakan ba mu labarin farin yashi da dabino, da yadda mutane ke tahowa daga wasu garuruwa in zafi ya yi don su yi wanka a teku, da bikinsu na Awusu da ake shiga ruwa manya da yara. Ya ce a mulkin Gaddafi ba a yarda a koyar da harshensu a makaranta ba, amma a cikin gida ba su daina yin sa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata magana da ya yi yana juya banda a faranti: "Su tekunsu na nan inda kakanninsu suka bar shi. Namu tafiya yake yi."

Ban gane ba sai ranar da kawu ya tafi da ni Baga. Tafiyar kusan kilomita 200 ce, ta Gajiram da Monguno, a bar Kukawa a gefe, birnin da Shehu Laminu ya kafa a 1814, Rabe kuma ya rushe a 1893. Duk hanya ina ɗaga wuya ina neman ruwa. Muka sauka a Baga, babu ko ɗigo. Inda tsofaffi suka ce a da ana ɗaure jirage, masara na tarar da wake. Tafkin Cadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, farin 1973 da na 1984 sun tsotse shi har bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Kusan duk ruwansa kogin Shari ke kawo shi daga kudu, to in damina ta gaza a can, mu nan ne za mu ɗanɗana. Sai da muka wuce Doro, muka shiga kwalekwale ta wata siririyar hanya tsakanin ciyayi, sannan ruwa ya buɗe.

Can na ga masu alamomin nan. Buduma, 'yan asalin tsibiran, da shanunsu masu ƙaho kamar tulu. Barebari, Jukunawa, Sakkwatawa, Haɗejawa, mutanen Cadi da Kamaru, da 'yan Mali da suka zo da gura. Naira na yawo, sefa na yawo, Hausa ce harshen ciniki. Ruwa ya ja baya, su tattara bukkoki da tukubar banda su bi shi. Ya dawo, su matsa. Har yau ina ganin ba a yi wa mutanen nan adalci in aka ce masunta ne kawai, don su ne suka riƙa ciyar da garuruwan da ba su taɓa jin sunansu ba. Ko da kotun duniya ta ba Kamaru Darak a 2002, kwalaye ba su daina zuwa ba.

Abin da fari bai yi ba, yaƙi ya yi. Ranar 3 ga Janairun 2015 Boko Haram suka afka wa Baga da Doro, dubban mutane suka gudo Maiduguri, wasu suka tsallaka Cadi ta ruwa. Rumfuna suka bushe, ƙaurin banda ya ragu har a jikin tufafinmu.

A makonnin nan wani mutum ya yi sallama a rumfarmu, ƙafafunsa duk sun kumbura, yana tambayar kawu, wanda a lokacin ya shekara uku da rasuwa. Na ce, "Alhaji, ban waye ka ba." Bai faɗi sunansa ba. Ya tsuguna, ya sa yatsa a ƙasa, ya zana da'ira da layi biyu a tsakiya. Shekara ashirin ina ƙirga kwalayensa.