Masar ta Juma'a da Asabar

Akwai ɗalibin da zai yi shekara huɗu ko biyar a Masar, ya dawo gida da shahada a hannu, amma in ka tambaye shi labarin ƙasar sai ka tarar hanya uku kawai ya sani: ta ɗakin kwana, ta aji, da ta filin jirgi. Ba lalaci ne ke jawo haka ba. Kuɗin da ake aiko masa a ƙirge suke, kuma tun a gida an ja masa kunne cewa karatu aka tura shi, ba yawo ba. Ni dai a ganina an rage masa rabo. Da yawa daga cikin abin da yake haddacewa a aji, daga fiƙihu har tarihi, a cikin wannan ƙasa aka rubuta shi ko aka yi shi, kuma wuraren suna nan, wasunsu kuɗin motar haya kaɗai ke tsakaninsa da su.

Hutun mako a can Juma'a ne da Asabar. Tun yammacin Alhamis za ka ga alama a unguwannin da baƙin ɗalibai suka fi zama, wato Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya da kuma Madinat Nasr: wasu na wanki, wasu na haɗa kuɗin "rihla", kamar yadda ɗalibai ke kiran fita irin wannan. Rihlar da ta fi araha ita ce ta cikin Alƙahira. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987 kuma shi ne na farko a Afirka, yana da tarago na mata zalla, abin da ke sauƙaƙa wa 'yan'uwanmu mata fita. Inda jirgin bai kai ba, ƙananan bas-bas za su kai ka, muddin ka iya ɗaga murya ka ce wa direba "ala gamb ya usɗa" in ka zo sauka. A nan ɗalibi ke fara gane cewa Larabcin Ajurumiyya daban, na titi daban, kuma duka biyun yana bukatarsu.

Wanda ya taso a zauren malam, babu inda zai taɓa masa zuciya kamar Ƙarafa, tsohuwar maƙabartar da ke kwance a gindin dutsen Muƙaɗɗam. A can kabarin Imam Shafi'i yake, wanda ya rasu a 820, ƙarƙashin wata babbar ƙubba da aka gina a 1211. A can kuma aka binne Ibnul Ƙasim da Ashhab, almajiran Imam Malik waɗanda ta hannunsu mazhabarmu ta bazu zuwa yamma. Shehu Halil mai Muhtasar a Alƙahira ya karantar, a nan ya rasu. Tafsirin Jalalaini da ake bajewa a masallatanmu kowane watan azumi, malaman Alƙahira biyu ne suka rubuta shi: Mahalli ya fara, Suyuɗi ya ƙarasa. Shi Suyuɗin, wanda ya rasu a 1505, har wasiƙar nasiha ya rubuta wa sarakunan ƙasashenmu, ciki har da na Katsina da na Agadas. Tun kafin zamaninsa, a ƙarni na 13, mutanen Kanem sun kashe dukiya an gina makarantar Ibn Rashiƙ domin matafiyansu da ɗalibansu, daga baya kuma aka ware wa mutanen Borno ruwaƙi nasu, wato masaukin ɗalibai, a cikin Azhar. Saboda haka yaron da ya sauka daga Kano ko Damagaram yau ba shi ne ya buɗe hanyar ba. Sawu ya tarar. Mai niyyar ziyartar Ƙarafa kada ya yi ta ɗagawa, domin a 'yan shekarun nan an rushe sassanta da dama saboda sababbin tituna da gadoji, abin da ya ɓata wa Misirawa da yawa rai.

Sauran tsohon birnin ana iya cinye shi da ƙafa a wuni ɗaya, in ƙafar za ta jure. Masallacin Amru bn Asi a Fusɗaɗ shi ne na farko a Masar, an kafa shi bayan da Musulmi suka ci ƙasar wajen 641, kuma 'yan taku kaɗan ne tsakaninsa da tsofaffin majami'un Kibɗawa. Masallacin Ibn Ɗulun, wanda aka gama a 879, matakalar hasumiyarsa ta waje take, tana zagaya ginin har sama. Makarantar Sultan Hasan ta ƙarni na 14 an tsara ta ne da ɓangare huɗu, kowace mazhaba da nata. Azhar kuwa Faɗimawa ne suka aza harsashinsa a 970, shekara guda bayan kafa birnin. Da yamma sai a gangara titin Mu'izz, a ci koshari, wato haɗin shinkafa da taliya da adas da soyayyiyar albasa, abincin da ya riƙe ɗalibai marasa adadi har suka gama karatu.

Dalolin Giza ba sai na daɗe a kansu ba, kowa ya ga hotonsu. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne girman kowane dutse in ka tsaya kusa da shi, da kuma yadda gari ya matso har bakin wurin. Babbar dalar, ta sarki Khufu, ta haura shekara 4,500, tsayinta na asali ya kai mita 146, kuma an ƙiyasta duwatsunta sun fi miliyan biyu. Ka riƙe katinka na ɗalibi, ana rage kuɗin shiga da shi. Ka kuma gama ciniki da mai raƙumi kafin ka hau, na hawa da na sauka gaba ɗaya. Gawarwakin sarakunan kuwa ba a nan suke ba. A watan Afrilun 2021 aka kwashe guda 22 daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa sabo a Fusɗaɗ. Duk Bahaushen da ya shiga, tambayarsa ɗaya ce: wanne ne Fir'aunan Annabi Musa? Mutane da yawa kan nuna Ramsis na Biyu, amma masana ba su haɗu a kan suna ɗaya ba, kuma ya kamata ɗalibi ya faɗi hakan in ya koma gida, kada ya yanke abin da ba a yanke ba.

Fita ta farko daga birni yawanci Iskandariyya ce. Tafiyar awa uku ce ko ƙasa da haka daga tashar Ramsis, a kan layin dogon da aka kammala a 1856, mafi daɗewa a nahiyarmu. Hanyar tana ratsa yankin da Nilu ke rarrabuwa kafin ya faɗa Bahar Rum: gonakin alkama da auduga da ciyawar dabbobi, ɓaunayen gida a bakin magudanai, gari na bin gari ba tazara. Ga yaron da ya taso a Sakkwato ko Maraɗi, ganin teku a karon farko ba ƙaramin abu ba ne, kuma na san waɗanda suka tsaya a bakin ruwan suka kasa magana. A ƙarshen gaɓar akwai ganuwar Sultan Ƙayitbai ta ƙarni na 15, wadda aka gina a gurbin tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya. Kusa da nan masallacin Abul Abbas Mursi yake, a gefensa kuma kabarin almajirinsa Busiri, mai Alburda da Hamziyya. Sabon ɗakin karatun birnin, wanda aka buɗe a 2002 don tunawa da tsohon da ya salwanta, ya cancanci wuni guda shi kaɗai. In lokacin sanyi ne a tafi da rigar ruwa, domin Iskandariyya na samun ruwan sama da iska a watannin da Alƙahira ke bushe.

Fayyum tafiyar wuni ɗaya ce, kilomita ɗari ko kusa da haka kudu maso yamma. Wani reshen Nilu mai suna Bahar Yusuf ke shayar da ita, kuma mutanen wurin na danganta haƙa shi ga Annabi Yusuf. Can cikin sahararta akwai Wadil Hitan, inda ƙasusuwan manyan kifayen teku ke kwance a yashi, shaidar cewa wurin ya taɓa zama teku.

Tafiya mai nisa tana son shiri. Fasfo da iƙama, wato takardar izinin zama, su kasance a jikinka, domin akwai shingayen bincike, musamman a hanyar Sina'i, kuma arewacin wannan yanki ba wurin zuwa yawo ba ne. Kuɗin ƙasar ya faɗi sosai a 2016, ya sake faɗuwa a 2024, komai ya yi tsada, shi ya sa tafiyar taro ta fi: ƙungiyar ɗalibai ta ɗauki bas guda, a raba kuɗin, a tafi da tukunya. Ba kuma zan ɓoye ba, baƙar fata kan gamu da tsokanar yara da kalamai marasa daɗi a wasu unguwanni. Abin yana da ciwo. Amma a titi ɗaya za ka haɗu da dattijon da zai tambaye ka daga ina, ka ce Najeriya ko Nijar, ya dafa ƙirji ya ce "ahsan nas", wato mafi kirkin mutane, ya hana ka biyan kuɗin shayi. Wanda bai fita ba, labarin na farkon kawai zai ji.

Masu ƙarfin gwiwa kan je Jabal Musa, dutsen da aka daɗe ana ɗauka shi ne Ɗuri Sina. Tsayinsa mita 2,285, da tsakar dare ake fara hawa tare da ɗan jagora daga Larabawan yankin, kuma sanyin ƙolinsa ya wuce duk hunturun da muka sani. A gindinsa akwai gidan ibadar Kiristoci na Santa Katrin, ginin ƙarni na 6, wanda a cikin ganuwarsa akwai ƙaramin masallaci tun zamanin Faɗimawa.

Amma tafiyar da ke bayyana wa mutum ainihin Masar ita ce ta kudu, wadda suke kira Sa'id. Ita ba ta shiga Juma'a da Asabar kaɗai, sai an haɗa da wani hutu, kuma hutun tsakiyar shekara a lokacin sanyi ya fi dacewa, don zafin can a watannin Yuni zuwa Agusta ba na wasa ba ne. Ana shiga jirgin ƙasa da dare, gari ya waye maka a cikin gonakin rake na lardin Ƙina. Ka leƙa ta taga: ga kogi, ga kore a gefensa, sai kuma kwatsam koren ya yanke, dutse da yashi suka karɓa. A wasu wuraren faɗin koren bai wuce abin da ido ke gani ba. Masar ta ɗan fi Najeriya faɗin ƙasa, mutanenta sun haura miliyan 100 tun 2020, amma kusan kashi 95 cikin ɗari suna zaune ne a wannan siririn bakin kogi da yankin da ya bazu a arewa. Nan take za ka fahimci cunkoson Alƙahira, da dogayen benaye har a ƙauye, da yadda hukuma ke hana gini a kan gona. Babu daminar da za a jira. Manomi ba ya kallon sama, magudana yake kallo.

A Luksor, zauren Karnak na da ginshiƙai 134, manyan cikinsu sai mutum da yawa sun haɗa hannu za su zagaye ɗaya. A cikin haikalin Luksor kuwa masallacin Abul Hajjaj ne ke zaune a saman ginin Fir'aunoni, domin lokacin da aka gina shi ƙasa ta binne haikalin. Da aka haƙe, sai tsohuwar ƙofarsa ta koma can sama, kuma har yau ana salla a ciki. A ƙetaren kogi Kwarin Sarakuna yake, inda aka gano kabarin Tutankhamun a 1922. Fentin da ke jikin bangon kaburburan bai dushe ba, kuma a kaburburan manyan fada da ke kusa za ka ga zanen noma da girbi da awon hatsi, rayuwar talakan da ya ciyar da masu ginin.

Aswan ita ce inda ɗalibinmu ke sakin jiki. Nubiyawa ne da yawa a can, launinsu namu, ba mai juyowa ya kalle ka. Kasuwar garin cike take da zoɓo da goruba da tsamiya da dabino da gyaɗa da lalle, sai ka ce wani layi ne a Kasuwar Kurmi. Da la'asar a shiga kwalekwale mai filafilai a zaga tsibiran kogin. Kudu da garin kaɗan babbar madatsar ruwa take, wadda aka fara a 1960 zamanin Jamal Abdul Nasir da taimakon Tarayyar Sobiyet, aka gama a 1970. Ta hana ambaliya, ta kai lantarki ƙauyuka, ta ba manomi damar shuka fiye da sau ɗaya a shekara. Ta kuma tare laka mai albarka da kogi kan shimfiɗa a gonaki duk shekara, har ya zama sai an sayi taki. Tafkin da ya taru a bayanta, mai tsawon kusan kilomita 500 har cikin Sudan, ya haɗiye garuruwan Nubiyawa. Haikalin Abu Simbel duniya ta taru ta cece shi: tsakanin 1964 da 1968 aka yayyanka shi gunduwa-gunduwa, aka sake haɗa shi mita 65 sama da inda yake. Mutanen kuwa an kwashe dubun-dubatarsu, na Masar zuwa wajen Kom Ombo, na Sudan zuwa Hashmul Girba, nesa da kogin da suka gada. In ka zauna shan shayi da dattawansu, za su lissafa maka sunayen ƙauyukan da ke ƙarƙashin ruwa ɗaya bayan ɗaya.

Mafi yawan ruwan da ke taruwa a wannan tafki daga tsaunukan Habasha yake gangarowa. Tun 2011 da Habasha ta fara gina tata babbar madatsar a kan Shuɗin Nilu, maganar ba ta bar bakin Misirawa ba, daga gidan talabijin har teburin mai shayi. Habashawa na cewa mutanensu na cikin duhu kuma ruwan daga ƙasarsu ya fito, Misirawa na cewa ba su da wani ruwan sai shi, Sudan kuma tana tsakiya. A ɗakunan kwanan Madinatul Bu'us akwai 'yan ƙasashen uku, kuma ɗalibin da ya je Aswan ya dawo yakan iya zama a cikinsu ya bi muhawarar daga farko har ƙarshe.